Baƙin Bazara

Ɗan'uwa mai karatu, bazara ta shigo. Rana tana dukan ƙasa, rijiyoyi sun yi nisa, tabkuna da yawa sun ƙafe. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 45 a Tawa da Yamai. Mutum da dabba kowa inuwa yake nema. Amma in ka ɗaga kai ka dubi sama, za ka ga lokacin tafiya ne. Wasu tsuntsaye suna haramar barin ƙasarmu, wasu kuma suna bisa hanyar zuwa.

Bari mu fara da wadda ka fi sani, wato shamuwa.

Ka san kamarta. Baƙa ce, cikinta fari, fuskarta shuɗiya da ɗan ja kusa da ido. Gwiwoyinta da yatsunta ja ne. Takan iso kudancin Nijar daga ƙarshen Afrilu zuwa watan Mayu. Wata rana da safe sai yara su sheƙo gida suna cewa sun gan ta bisa kukar bakin gari. Ba ta gudun mutane. Cikin gari take yin sheƙa, bisa gawo, ko tsamiya, ko kuka, wani lokaci har bisa kan rumbu. Takan yi ƙwai 2 ko 3, ta kwanta musu kamar wata ɗaya. Ɗiyan sukan yi kusan wata 2 cikin sheƙa kafin su tashi. In kaka ta yi, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai ka wayi gari babu su.

To, ina suke zuwa? Masu bincike sun kama wasu shamuwoyi a nan Nijar, suka ɗaura musu wata ƴar na'ura a baya, wadda take nuna inda tsuntsu yake ta hanyar tauraron ɗan adam. Sai aka ga suna yin gabas da kudu, su wuce har Tanzaniya. Wasu shamuwoyi suna kaiwa Zambiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu. Daga Damagaram zuwa Zimbabwe ya wuce kilomita 4000. In ka taɓa shiga mota daga Maraɗi zuwa Yamai, ka san wuyar kilomita 660. To, ka riɓa wannan tafiya sau 6, shi ne zuwa kawai, ban da komowa.

Abin da ke kai ta can ba wani abu ba ne, ciki ne. A waɗannan ƙasashe damana tana farawa wajen Nuwamba, ta ƙare wajen Maris, daidai lokacin da mu muke cikin ɗari da rani. Inda ruwa ya sauka ciyawa takan fito, inda ciyawa ta fito nan fara da tsutsa suke. Su ne abincinta. Wato shamuwa damana biyu take ci a shekara, tasu da tamu.

Nan ne ya kamata ka yi hattara. Mutane sukan ce shamuwa ce mai kawo ruwa. Gaskiyar magana, ba ita ke kawo shi ba, biyo shi take yi, kuma takan riga shi isowa. Tana iya zama bisa icce sati 3 ko 4 ba a samu ruwan shuka ba. Na san wani manomi da ya ga shamuwa, aka yi ɗan yayyafi da dare, da safe ya kwashi irinsa duka ya shuka. Hatsi ya tsiro, ruwa ya ɗauke kwana 20, rana ta ƙone shi. Da ruwan gaske ya zo, sai da ya ci bashin iri. Malaman gona suna cewa ruwan shuka shi ne wanda ya kai kamar milimita 20, ya jiƙa ƙasa sosai. Don haka zuwan shamuwa sanarwa ce: ka gama sassabe, ka kai taki, ka gyara kalme da hauya, ka duba irinka. Maganar shuka kuwa, sai ka tona ƙasa da hannunka ka ga inda laima ta kai, ka kuma saurari labarin yanayi a rediyo.

Yanzu da ka iya rubutu, ga wani aiki mai sauƙi. Ka samu kaye guda ka ajiye. Ka rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa bana. Ka rubuta ranar ruwan farko, da ranar da ka yi shuka, da yawan sheƙar da ke cikin garinku. Baɗi ka sake. Bayan shekara 5 za ka san al'adar garinku fiye da wanda ya zo daga birni, don shi bai ƙirga ba, kai ka ƙirga. Mantuwa tana cin magana, amma ba ta cin abin da ke cikin takarda.

A garuruwan Hausa da yawa ba a taɓa shamuwa. Yaron da ya jefi sheƙarta yakan sha faɗa wurin tsofaffi. Wannan al'ada tana da amfani ko ga wanda bai yarda da camfi ba, domin shamuwa mai ciyar da ɗiya tana kwashe fara mai yawa daga gonaki kowace rana, ba da kuɗin magani ba. Abin da take buƙata shi ne babban icce. Garin da ya sare manyan itatuwansa, shamuwa takan bar shi. A jahar Maraɗi da ta Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka kama sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo cikin gona ya girma. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta haka ta kai hekta miliyan 5. Gawon da ka bari bana, wata rana sheƙa za ta hau shi.

Masu tafiya arewa

Lokacin da shamuwa take zuwa, wasu baƙi suna tafiya. Waɗannan daga Turai suke. Sanyin can yana kashe ƙwari, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai su gudo wurinmu tun watan Satumba da Oktoba. Su ne wasu daga cikin agwagin ruwa da kake gani garke-garke a tabkin Madarumfa, da na Tabalak, da na Gidimuni, da bakin kogin Isa. Akwai ƴan ƙanana masu rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu suna kaɗa wutsiya. Akwai wata irin tsattsewa mai dogon bindi mai reshe biyu. Akwai kuma wata babbar shamuwa fara, mai jan baki da jajayen ƙafafu, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba.

A watan Maris da Afrilu suke komawa. Gabansu akwai hamada, wajen kilomita 2000 ba ruwa ba inuwar kirki. Kafin su tashi sai su ci su ƙoshi, su tara kitse, don kitsen nan shi ne guzurinsu. Ƙananan da dare suke tafiya, da rana su laɓe gindin dutse. Ka duba fa, tsuntsun da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, shi ke ratsa hamadar da raƙumi ke shan wuya cikinta. Da yawa sukan mutu a hanya. Shekarar da aka yi fari a ƙasashenmu, tabkuna suka ƙafe da wuri, tsuntsayen da ke komawa Turai sukan ragu. An ga haka ƙwarai bayan farin da ya fara a 1968.

Su ma Turawa da can ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har akwai masu cewa cikin laka suke ɓuya sai sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a ƙasar Jamus, da wani dogon mashi soke a wuyanta. Da aka duba, sai aka ga mashin na Afirka ne. Wani maharbi ya jefe ta, ba ta mutu ba, ta kai shi har can. Har yau tana ajiye a jami'ar garin Rostock. Daga baya aka shiga sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, mai lamba da sunan gari. In ka tsinci tsuntsu da irin wannan zobe, ba sihiri ba ne, kuma ba zinariya ba ce. Ka kwafi lambar da haruffan cikin kayenka, ka rubuta rana da wuri, ka kai wa ma'aikatan gandun daji. Amma in ka tarar da tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada ka bar yara su ɗauka, ka sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta shiga Magarya a 2006, an yi hasarar kaji da agwagi.

Bisa hanya

In tafiya ta kama ka cikin bazara, ka nemi wurin taga. Da sassafe da kuma la'asar sakaliya aka fi ganin namun daji, don da tsakar rana duk sun shige inuwa. Za ka ga kurege ya ratsa hanya da gudu, ko zomo, ko damo yana shan hantsi. Za ka ga cilakowa tana tashi sama da ƙasa kamar mai lilo. Ita fa tana da abin mamaki: in za ta yi ƙwai, sai ta shiga kogon icce, a liƙe ƙofar da laka, a bar ƴar kafa. Ta nan namijin ke miƙa mata abinci har ɗiya su yi ƙwari. Balbela kuwa da kake gani tare da shanu, ƙwarin da kofato ke tayarwa daga ciyawa take bi. Mai cire kaska daga jikin sa, carki ne.

Wanda ya bi hanyar Dosso zuwa Yamai, in ya iso wajen Kure, kamar kilomita 60 kafin Yamai, yana iya dacewa da raƙuman dawa. Babban namiji yakan kai mita 5. Irin waɗannan su ne suka saura a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kawai aka ƙirga, saura kaɗan su ƙare. Aka hana harbinsu, mutanen ƙauyuka suka sa hannu, yanzu sun wuce 600. A 2018 an ɗauki 8 cikin mota aka kai su gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakwaro, inda kakanninsu suka taɓa zama. Zama da su ba kullum ke da daɗi ba. Suna shiga gonar wake, suna cin mangwaro, manoman wurin suna kuka da haka, kuma kukansu gaskiya ne.

Jimina ba ta samu irin wannan sa'a ba. Kakanka ya san ta a daji, kai sai dai ka gan ta cikin shinge, kamar a Kelle ta ƙasar Gure, inda ake kiwonta don kada irinta ya ɓace. Barewa ma ta ja can arewa.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ungulu. Ka tuna mahauta da bakin kasuwa shekarun baya. Har korar su ake yi. Yau ka tambayi yaro ɗan shekara 10 ko ya taɓa ganin ungulu, a garuruwa da yawa zai ce a'a. Wasu sun mutu saboda guba da ake sa wa mushe don kashe dila ko karnuka; mushe guda yakan kashe ungulu da yawa. Wasu kuma ana kama su, a sayar da kai da ƙafafu a kasuwar magani. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka in aka kashe uwa ba a mayar da ita da wuri. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya. Ana zaginta da ƙazanta, alhali ita ce mai sharar gari da ba a biya. Inda ta ɓace, mushen jaki yakan kwana 7 yana wari, ƙuda da karnuka su taru a kai, su dawo cikin gidaje. Dokar farauta ta 1998 ta tsara abin da aka yarda a kama da wanda aka hana, kuma ma'aikatan gandun daji suna iya karanta maka ita.

A gida

Ba sai ka yi tafiya ba. Ke ma uwargida, wannan aiki naki ne. A samu tsohon kasko, a zuba ruwa kaɗan, a ajiye ƙarƙashin dogon yaro inda kyanwa ba ta da wurin laɓewa. A sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. A riƙa zubar da ruwan ana sakewa kowace safiya, kada sauro ya yi ƙwai ciki. Cikin kwana 2 ko 3 kurciya za ta zo, sai hasbiya, sai gwara, sai tsada. Ka zauna nesa kaɗan, kada ka yi motsi da yawa. Ka dubi baki, ka dubi ƙafa, ka dubi bindi, ka saurari kuka.

Wanda ba ka san sunansa ba, ka tambayi wani tsoho, ko makiyayi, ko maharbi. Sau da yawa sunan da ake kiran tsuntsu a Adar ba shi ake kiransa a Damagaram ba. In an faɗa maka suna biyu, ka rubuta su duka biyun, kusa da juna, ka zo da kayen aji ranar karatu a gwada da na sauran.