In Fulogi Ya Yi Baƙi Bayan An Gyara Inji

Ga rani ya shigo, masu lambu sun koma fadama, kowa ya fito da injinsa na ban ruwa. Da yawa sun kai nasu ga makaniki an kwance, an sa sabon fistin da sababbin ringi. Amma bayan kwana biyu sai ka ji inji ya soma tari, ya na ƙin tashi. A kwance fulogi, a tarar ya yi baƙi ƙirin. Mai inji ya sayi wani, jibi shi ma ya mutu. Tumatir da albasa kuwa ba su san jira ba.

To, jama'a, sau da yawa fulogi ba shi ne mai laifi ba, shaida ne kawai na abin da ke faruwa cikin inji. Kada ka jefar da shi sai ka dube shi. Sa sabo, ka bar inji ya jawo ruwa kamar rabin sa'a, ka kashe, ya huce, sa'an nan ka kwance ka duba bakinsa.

In ka ga ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya ke nan. In baƙi ne busasshe, kamar kunkunniyar fitila, ya na gogewa a yatsa, to, fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ko an manta cok a rufe? Ko ƙurar hunturu ta toshe soson da ke tace iska? Wanke shi, ya bushe, ka mayar. In bai daina ba, sa'an nan a taɓa kafireta. In kuwa a jiƙe ya ke, ya na warin fetur, watau wuta ba ta kamawa. Jingina ƙarfensa ga jikin inji, nesa da raminsa, ka ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙarfi a ke so a gani.

Wanda ya fi damun mai sabon gyara shi ne baƙi mai maiƙo, ga shuɗin hayaƙi daga salansa. Wannan baƙin mai ne ke haurowa inda fetur ke ƙonewa. Kada ka yi garajen zagin makaniki. Sababbin ringi ba su zama daidai cikin silinda sai sun yi aiki, saboda haka ɗan maiƙo a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Abin da su ke so shi ne aiki matsakaici. Waɗansu su kan bar inji ya yi ta ƙugi a hankali, wai lallashinsa su ke yi, alhali kuwa cutarsa su ke yi, domin fulogi ba ya ƙone dauɗar bakinsa sai zafinsa ya kai wajen digiri 450. Duba kuma ko an cika baƙin mai ya wuce iyaka. Ƙaramin injin nan na Honda GX160 bai wuce lita 0.6 ba. Har wa yau, injin da aka girka a karkace bakin rafi ya kan tura mai inda bai kamata ba.

Amma in inji ya yi sa'a 20 ya na aiki, an juye baƙin mai na farko, maiƙo bai ragu ba, lalle akwai magana. Ko dai an sa ringi a kife, ko an jera bakunansu wuri ɗaya, ko silinda ta cinye an zuba sababbin ringi a tsohon rami. Mayar da shi, ka tafi da fulogin a aljihu ka nuna.

Farin fulogi fat ya fi baƙi haɗari: fetur ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, fistin na iya ƙonewa. Kashe inji nan take.

In za ka sayi sabo, ka tafi da lamba, kada ka ce a ba ka mai kama da shi. Na GX160 shi ne NGK BPR6ES, tsakanin bakinsa kuwa milimita 0.7 zuwa 0.8.