Binciken malaman jami'a: a wane rumbu za a zuba shi duniya ta gani?

A jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yawan shekarun koyarwa kaɗai ba ya kai malami ga muƙamin farfesa. Sai ya tattara binciken da ya wallafa a aika wa hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a nan Yamai a 1968, mazauninta kuma yake Wagadugu. Kwamitocin masana ne ke zama kowace shekara suna tantance takardun, su ce wane ya hau, wane ya dakata. Daga cikin abin da ake dubawa har da mujallar da aikin ya fito a cikinta, da kuma ko wani rumbu ya san da zamanta.

Rumbun da ake nufi a nan ba na hatsi ba ne. Kundi ne na intanet da ke tattara sunayen mujallun ilimi da maƙalolinsu, yana kuma ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci kowane aiki a nasu rubutun. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fito da kundin farko na kimiyya irin wannan a 1964, shi ne ya zama Web of Science na yau, wanda ke hannun kamfanin Clarivate. A 2004 kamfanin Elsevier na ƙasar Holan ya buɗe nasa, wato Scopus. Waɗannan biyu su ne manyan kasuwar, kuma shiga cikinsu don yin bincike sai da kuɗi mai kauri, wanda jami'a ce ke biya.

To, a nan gizo ke saƙar. Rumbunan biyu sun fi karkata ga Ingilishi da kuma mujallun Turai da Amurka, alhali malaminmu da Faransanci ya yi karatu, da shi yake rubutu. Mujallunmu na gida, irin su Mu Ƙara Sani ta cibiyar IRSH ko Annales ta ita kanta jami'ar, a nan ne ake samun aiki kan gero da wake, kan tarihin Damagaram da Gobir, kan rikicin manoma da makiyaya. Akasarin irin waɗannan mujallu ba sa cikin manyan rumbunan, ba don aikin ba shi da kyau ba. Scopus na son mujalla ta riƙa fitowa a kan kari, kowace maƙala da take da taƙaitawa cikin Ingilishi, masana kuma su tace ta kafin bugawa. Mujallar da sai an sami kuɗin ɗab'i take fitowa, wani lokaci lamba biyu a haɗe, da wuya ta cika sharaɗin farko.

Wanda ya ce bari ya nufi manyan mujallun waje kuma, sai ya tarar da wani shingen. Da yawa daga cikin masu barin kowa ya karanta kyauta, marubucin suke caja. A 2021 mujallar Nature ta sa kuɗin nan yuro 9,500, sama da miliyan 6 na sefa ke nan kan maƙala guda. Gaskiya ne wasu mawallafa na yafe wa ƙasashe matalauta, amma sai wanda ya sani ya tambaya kafin ya aika aikinsa.

Tsakanin waɗannan shingaye biyu ne ƴan damfara suka kafa rumfa. Saƙo zai shigo wa matashin malami cewa za a buga masa aiki cikin mako guda, an liƙa tambarin Scopus a shafin mujallar, an rubuta wani adadi na bogi wai ma'aunin tasirinta. Shi kuwa lokacin aika takardu ya matso, sai ya biya. Aikin shekara biyu ya tafi ke nan, don abin da aka riga aka buga wata mujallar kirki ba za ta sake karɓa ba. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin a 2017. Abin takaicin shi ne binciken gaskiyar magana ba ya cin ko sisi: jerin mujallun Scopus da na Web of Science a buɗe suke ga kowa, lambar ISSN kawai za a sa a gani. A kuma duba shekara, domin Scopus kan cire mujallar da ta lalace, ita kuwa ta ci gaba da tallar tsohon suna.

Google Scholar, wanda shi ma a 2004 ya fito, kyauta ne, kuma yana kamo Faransanci. Sai dai tarunsa ba ya zaɓe, kifi da kwaɗo duka yake kwasowa, saboda haka ganin mujalla a cikinsa ba shaidar inganci ba ce.

A ganina, zaɓin ya danganta da wanda ake so ya karanta. Likita mai bincike kan sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro, PubMed ne gidansa, kuma buɗe shi kyauta ne. Masanin tarihi ko zamantakewa zai fi samun abokan tattaunawa a Cairn da OpenEdition da Persée na Faransa. Akwai kuma AJOL, da aka fara a 1998 musamman don mujallun Afirka, da DOAJ da aka buɗe a Suwidin a 2003, mai tantance mujallun da ake karantawa kyauta. Mu ƴan rediyo, in muna neman bayani kan haihuwa a asibiti ko cin hanci a ma'aikatu, sau da yawa rahotannin cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, muke buɗewa, don ta ajiye su a intanet ba tare da an biya ba.

Sauran aiki yana kan masu riƙe da mujallunmu a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Shafi tsayayye a intanet, lambar ISSN, sunayen kwamitin tacewa a fili, da fitowa a kan kari, su ne abin da DOAJ ke fara nema, kuma neman shiga cikinsa ba a biyan ko dala.