Tsuntsayen Damina a Gonakin Tsamaye: Tsakanin Shamuwa da Jan Baki

A ƙasashen Turai masu sha'awar kallon tsuntsaye sukan jira bazararsu, domin a lokacin ne tsuntsu ke ɗaura sheƙa ya yi ƙwai. A ƙasar Gobir kuwa damina ce ke wannan aiki. Yankin Tsamaye, a ƙasar Sabon Birni kusa da iyakar Nijar, yana da tudu inda ake noman gero da dawa da wake, yana kuma da fadamun Gulbin Rima. Ruwa yakan sauka sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma cikin waɗannan 'yan watanni ne yawancin tsuntsayen gona suke hayayyafa. Ba kwatsam suke yin haka ba. Kowannensu yana auna lokacin ƙyanƙyasarsa da lokacin da abincin 'ya'yansa zai wadata, shi ya sa wani yake zama abokin manomi, wani kuma abokin gabarsa.

Shamuwa ce ke buɗe fage. Takan iso cikin Afrilu ko Mayu, kafin ruwan shuka ko tare da shi, bayan ta ci rani can kudancin Afirka da gabashinta, a ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Ba ta neman daji. Cikin gari take sauka, ta tara ƙirare bisa tsamiya ko kuka, galibi a itacen da ta yi amfani da shi bara. Takan yi ƙwai 2 ko 3, ta yi kwanci kamar wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Idan aka lissafa, za a ga lokacin da bakunan 'ya'yan suka fi buƙatar abinci ya zo daidai da lokacin da fara da tsutsa suka cika gonaki. Watau shamuwar da ke tafe bayan mai noma tana tsince abin da zai cinye masa shuka ne. Bahaushe bai jira littafi ya gaya masa haka ba: ya daɗe da hana yara jifarta, yana kuma ɗaukar zuwanta a matsayin bushara. Turawa sun rubuta ta a littattafansu a 1823, suka laƙa mata sunan wani gwamna na Sudan, Abdim, sunan da babu manomin Gobir da ya taɓa kiranta da shi.

Da ciyawa ta tashi sai ƙananan tsuntsaye su shiga nasu aikin. Namijin kabare ne magini. Yakan tsage ganyen ciyawa siri-siri ya saƙa sheƙa a ƙarshen reshe, bakinta na duban ƙasa, cikin yini ɗaya ko makamancin haka, sa'an nan ya rataya a ƙarƙashinta yana kaɗa fukafukai. Idan mace ta duba ba ta yi mata ba, sai ya warware ya sake sabuwa. Mai son ganin wannan sana'a ya nemi gawo, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ba abin da ke ɓoye sheƙa a kansa. A fadama kuma mulufi, wanda da rani ba a bambanta shi da matarsa, yakan sake gashi ya koma ja wur da baƙi, ya kama yankinsa cikin dogayen ciyayi. Zalaidu shi ma yakan fitar da doguwar wutsiya, amma ba ya wahalar gini. Matarsa takan saka ƙwanta cikin sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye su rena mata. Cilakowa kuwa sai ta shiga kogon itace ta liƙe bakinsa, ta bar 'yar kafa wadda namiji zai riƙa miƙa mata abinci har ta ƙyanƙyashe.

Jan baki shi ne na ƙarshe, kuma shi ne tashin hankali. Nauyinsa kamar giram 20 ne, amma yakan zo dubbai bisa dubbai, kamar hayaƙi. Binciken da Peter Ward ya yi a yankin Tafkin Cadi, wanda aka buga a 1965, ya nuna cewa ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Idan ruwan farko ya sauka ƙwayar ta tsira, abincinsa ya ƙare ke nan, sai ya yi ƙaura zuwa inda ruwa ya riga ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya, daga baya ya komo arewa ya yi sheƙa cikin ƙayoyi wajen ƙarshen damina. Kwancinsa kamar kwana 10 ne, 'ya'ya kuma su tashi cikin mako biyu. Sabbin tashin nan, waɗanda iyaye suka bari da yunwa, su ne ke afka wa gero da dawa da shinkafar fadama daidai lokacin da ƙwaya ke da ruwa-ruwa. A nan ne yara ke wuni a gona da majajjawa da gwangwanaye. Hukumomi kuwa sukan yi feshi da jirgin sama a makwancinsa, sai dai guba ba ta tantance tsuntsu. Balbela da shirwa da duk abin da ya ci gawar suna iya tafiya tare da shi, kuma baɗi jan baki ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Abin da ya fi guba ɓarna a ɓoye shi ne saran itatuwa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a wannan yanki, gatari kuma ya bi sauran. Inda babu babbar tsamiya shamuwa ba ta da masauki, inda babu tsohon itace mai kogo cilakowa ba ta da ɗaki. Gauraka, wadda take alamar ƙasa a Nijeriya, yanzu da wuya a gan ta a fadamun arewa. A ƙetaren iyaka, manoman Maraɗi sun soma barin tohon kututture ya girma cikin gona tun daga 1983, abin da suke kira sassabin zamani, kuma gonakinsu da dama sun sake yin inuwa. Tsakanin Sabon Birni da Maraɗi ba wata tafiya ba ce mai nisa.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tara sunayen tsuntsaye masu yawa, amma suna ɗaya yakan hau tsuntsaye biyu ko uku, kuma abin da Bakano ya kira wani tsuntsu ba lalle ne Bagobiri ya kira shi haka ba. Waɗanda suka san bambancin su ne tsofaffin manoma da maharba da masunta, kuma rashin tsaron da ya addabi Sabon Birni da Isa tun wajen 2019 ya raba da yawansu da gonakinsu na nesa, inda dā yaro ke koyon waɗannan sunaye yana biye da kakansa.