Bukukuwan Kaka da Agogon da ke Cikin Ganyen Dawa

A shekarar 2024 da ta 2025 bikin Takutaha ya faɗo ne cikin watan Satumba, daidai lokacin da damina ke ban kwana. Yaran Soron Ɗinki da na sauran unguwannin cikin birni sun yi ado sun nufi Dutsen Dala kamar yadda aka saba a kwana na bakwai bayan Maulidi, kuma ba mamaki wasunsu su ɗauka cewa Takutaha bikin kaka ne. To, ba haka ba ne. Takutaha tana bin lissafin wata, shekarar wata kuwa kwana 354 ce, wato ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Saboda haka bikin yakan riƙa matsowa baya, ya ratsa damina da bazara da hunturu, sai bayan shekara 33 ya komo inda ya tashi. Waɗanda suka hau Dala a 1991 da 1992 za su tuna cewa a Satumba suka hau.

Amma akwai wasu bukukuwan da ba sa gusawa daga bakin kaka. Mafi ban dariya a cikinsu ita ce kalankuwa, wadda samarin ƙauye kan shirya bayan an kai amfanin gona gida. Sukan naɗa sarkinsu da galadima da alƙali da dogarai, a zamanin Turawa har da Gwamna da Di'o, a kafa mulkin wasa na 'yan kwanaki, a yi shari'a, a ci tarar mai laifi, manya suna kallo suna murmushi. 'Yan bori kuma suna da shan kabewa idan kabewa ta nuna. Can a Jamhuriyar Nijar, a garin Ingal da ke yamma da Agadas, Buzaye da Fulani kan taru cikin Satumba da garkunansu domin dabbobi su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa, a lokacin ne kuma samarin Bororo ke yin kwalliya su jeru, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi kyau. Dalilin wannan taro a fili yake: ɗanyar ciyawar damina ba ta wadatar da dabba da sinadarin sodiyam, dole a nemo shi a ƙasa.

Na manoma ne ke buƙatar dogon bayani. Mai karatu zai ce ai ba wani abin mamaki, ana biki ne domin hatsi ya shigo rumbu. Gaskiya ne. Sai dai ruwan shuka ba ya zuwa rana ɗaya kowace shekara. Wata shekarar a yi shuka a ƙarshen Mayu, wata kuwa sai Yuli ya kama. Duk da haka dawar gargajiya, farafara ce ko kaura, takan fitar da kai kusan a mako guda kowace shekara, wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba a ƙasar Kano. Wadda aka shuka da wuri da wadda aka makara da ita kusan tare suke nuna, sai dai ta farko ta fi tsawon kara. Yaya tsiro ya san kwanan wata?

A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa akwai tsirran da ba sa fure sai yini ya gajarta zuwa wani ƙayyadadden tsawo. Daga baya aka fahimci cewa dare suke aunawa: idan aka haska wa irin wannan tsiro fitila na ɗan lokaci a tsakar dare, sai ya ƙi yin fure. Ganye ne ke yin awon, ta hanyar wani sinadari mai jin haske da ake kira faitokurom, sa'an nan ya aika saƙo zuwa kan tsiron cewa a daina fitar da ganye, a soma haɗa zangarniya. Dawa tana cikin wannan rukuni, haka maiwa, haka waken gida mai yaɗo. Gero mai saurin nuna bai cika damuwa da wannan ba, yawan kwanaki yake bi, shi ya sa ake gasa tumu tun dawa ba ta yi ciki ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙanƙantar bambancin da ake aunawa. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Yininmu mafi tsawo, a watan Yuni, kimanin awa 12 da minti 50 ne. Mafi gajarta, a Disamba, kimanin awa 11 da minti 25. Mutumin birni ba ya lura da wannan sai dai ya ga lokacin magariba ya ɗan matso. Dawa kuwa tana rarrabe 'yan mintoci.

A 1968 wani masani mai suna Curtis, wanda ya yi aiki a Samaru ta Zariya, ya wallafa bincikensa a kan dawar Nijeriya, inda ya nuna cewa irin kowane yanki yana fitar da kai ne daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankin. Irin kudu, inda damina ke daɗewa, yana jinkiri, na arewa yana gaggawa. Ba wani malami ya tsara wannan ba. Manoma ne, shekara bayan shekara, suke ware zangarniyar da ta fi kyau su rataye ta domin iri, har kowace ƙasa ta sami dawar da ta dace da ruwanta.

Amfanin haka babba ne. Dawar da ta yi ƙwaya ana tsakiyar marka, funfuna za ta kama ta ta yi baƙi, kuma da yake ita kaɗai ta nuna a dajin, tsuntsaye za su taru a kanta. Wadda ta makara kuwa ƙasa za ta bushe kafin ƙwaya ta cika. Bayan farin 1973 da na 1984 an ƙarfafa samar da iri mai saurin nuna wanda bai damu da tsawon dare ba, kuma ya taimaka ƙwarai a wuraren da damina ta gajarta. Amma manomin da ya shuka shi da ruwan farko a shekara mai doguwar damina yakan gamu da waccan funfuna, ga shi kuma karansa gajere ne, bai isa danni da abincin dabbobi ba. Don haka ne manoma da yawa ke shuka sabon irin a wani ɓangare na gona, su bar wa farafara da kaura sauran.