Marubutan Bayanan Na'ura da Kuɗin Ƙarin Sa'o'i a Amurka

Ɗan littafin da ake samu a kwalin sabuwar waya ko janareta, wanda yawancinmu ba ma buɗe shi sai na'ura ta ƙi tashi, akwai masu cin abinci da rubuta shi. Su ne marubutan bayanan fasaha. Suna bin injiniyoyi da tambayoyi, su mayar da ilimin na'ura ko manhaja zuwa umarnin da kowa zai iya bi. Idan ranar fitar da kaya kasuwa ta matso, sukan kai dare a ofis. To, ana biyan su kuɗin waɗannan ƙarin sa'o'i? A Amurka an sha kai wannan tambaya gaban alƙali.

Tushen maganar ita ce dokar ƙwadago ta tarayya da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1938. Tun daga 1940 ta tsayar da makon aiki a sa'o'i 40, duk sa'ar da ta hau kai kuma a biya ta ninki ɗaya da rabi. Mai samun dala 30 a sa'a, dala 45 zai karɓa. Sai dai dokar ta cire wasu rukunai: manyan ma'aikata masu shugabanci, masu aikin gudanarwa, ƙwararru irin su likitoci da lauyoyi, da wasu ma'aikatan kwamfuta.

Kafin a cire ma'aikaci daga wannan haƙƙi, galibi sai yana kan tsayayyen albashi da bai gaza dala 684 a mako ba. Gwamnatin Biden ta ɗaga adadin zuwa dala 844 a Yulin 2024, amma wata kotun tarayya a Texas ta soke ƙarin a Nuwamban shekarar. Marubutan fasaha da yawa sun wuce wannan adadi, don haka rigimar tasu a kan sharaɗi na gaba take: wane aiki mutum yake yi a zahiri? Ƙa'idojin Ma'aikatar Ƙwadago sun fito fili cewa sunan muƙami kaɗai ba hujja ba ne. Kamfani ya kira ka babban jami'i in ya so, kotu aikin hannunka za ta duba.

A nan ne marubucin fasaha ya zama jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Ba shi ke tsara manhaja ba, balle a sa shi cikin ma'aikatan kwamfuta. Aikinsa bai dogara da ƙirƙira irin ta mai rubuta ƙagaggen labari ba, kuma ba dole sai da wani takamaiman digiri ake shiga sana'ar ba. Ƙofar da ta fi saura wa kamfanoni ita ce ta aikin gudanarwa, wadda ke buƙatar a nuna cewa ma'aikaci yana yanke shawara da kansa a kan muhimman al'amura.

Da wannan ƙofa kamfanin wutar lantarki na Indiana Michigan Power ya yi nasara a 2007. Marubutan da ke tsara matakan gyaran na'urori a tashar nukiliyarsa ta Cook, a jihar Michigan, sun nemi kuɗin ƙarin sa'o'i. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba su da shi, domin su ke nazari su zaɓi hanyar da ta fi dacewa a yi gyara, ba tare da wani na tsaye a kansu ba. Ni dai a nan nake ganin ba a kyauta ba: ƙwarewar mutum da amanar da aka ba shi su ne suka hana shi kuɗin daren da ya raba yana aiki. Wanda ke cike gurabe a takardar da wani ya riga ya tsara masa, shi ya fi samun hujja a kotu.

Jihohi kuma suna da nasu dokokin. A California ana fara lissafi bayan sa'o'i 8 a rana, kuma dokar jihar ta ambaci masu rubuta bayanan kaya da umarnin haɗa na'ura, ta ce ba sa cikin ma'aikatan kwamfuta da aka cire.

A dokar tarayya, wanda aka danne wa haƙƙi yana da shekara 2 ya kai ƙara, ko 3 idan da gangan aka yi, kuma kotu na iya ninka masa abin da yake bi bashi.

Matasanmu da ke rubuta wa kamfanonin waje ta intanet daga Kano ko Kaduna su sani cewa dokar Amurka ba ta shafi aikin da aka yi a wata ƙasa ba, ba ta kuma kare ɗan kwangila mai zaman kansa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta fitar da masu aikin fasaha da ƙwararru daga ma'anar ma'aikacin da take karewa. Abin da ke cikin yarjejeniya shi ne naka. Kafin ka sa hannu, ka tabbatar an rubuta sa'o'in aiki da farashin abin da ya hau kansu, sannan ka riƙa ajiye lissafin lokacinka a rubuce.