Kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan: abin da mai saye a Ƙonni, Malbaza da Illela zai duba

Yawancin matasan Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela sun fara wasan bidiyo ne a wayar salula, ko a ɗakunan wasa inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation. A ƴan shekarun nan wasu sun fara karkata ga kwamfutar tebur, wadda aka fi sani da ordinatar, saboda ita ba wasa kaɗai take yi ba: da rana a buga takardu ko a gyara hoton biki da ita, da dare a yi wasa. Sai dai kuɗin da ake sa mata ba na banza ba ne. Sau da yawa ribar albasar Galmi ce ta shekara guda, ko abin da ɗan ci-rani ya aiko, kuma in aka sayi wadda ba ta dace ba, da wuya mai shago ya karɓe ta ya mayar da kuɗi.

Sabuwar kwamfutar da aka ƙera musamman don wasa ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan jama'a. Abin da ke zuwa kasuwa da sauƙin kuɗi shi ne na gwanjo: kwamfutocin da bankuna da ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su, irin Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Wasu na biyowa ta Yamai ko Maraɗi, wasu kuma daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas, su bi ta Kano da Sakkwato su shigo ta Illelar Najeriya, wadda ke maƙwabtaka da Ƙonni, ba Illelar jihar Tawa ba. Wannan hanya ta tsaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka, har zuwa Maris na 2024 da aka sake buɗe ta. Kayan ofis ne masu ƙwari, amma ba don wasa aka yi su ba, don haka sai an ƙara musu wasu abubuwa. Gwanintar duka tana wajen zaɓen wadda za ta karɓi ƙarin.

Wane wasa ake so?

Daga nan lissafi yake farawa. Wanda burinsa PES 2021 ne, ko GTA V da ya fito a kwamfuta tun 2015, ko eFootball da kamfanin Konami ke bayarwa kyauta tun 2021, tsohuwar na'ura ma za ta ishe shi. Wanda ke son sabbin wasannin ƙwallo na kamfanin EA, waɗanda suka bar sunan FIFA suka koma FC a 2023, shi ne ke da aiki. Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema don FC 24 shi ne furosesa Core i5-6600K, RAM giga 8, katin hoto GTX 1050 Ti ko RX 570, da wurin ajiya giga 100. Mafi ƙaranci kuwa na nufin wasan zai tashi, ba wai zai yi santsi ba.

A nan ne masu saye da yawa ke faɗawa rami. Mai shago zai ce "i7 ce", kamar hakan ya gama magana. Amma i5 da i7 sunan dangi ne, kuma kowane dangi yana da kakanni da jikoki. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin zamaninsa: i7-2600 na zubi na biyu ne, daga 2011, i5-4570 na huɗu ne, daga 2013, i5-8500 na takwas ne, daga 2018. Wannan i5 na takwas yana da ƙwayoyin aiki shida, ya kuma fi wancan tsohon i7 mai ƙwaya huɗu nesa ba kusa ba. Akwai wani dalili kuma na neman zubi na takwas: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar furosesan Intel da ya girmi zubi na takwas. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 na wannan zubi ne. In kuɗi bai kai ba, zubi na shida, irin OptiPlex 7040, sulhu ne mai kyau. Na huɗu yana da arha, yana kuma ɗaukar tsofaffin wasanni, amma mai saye ya san cewa ya sayi abin da ba zai yi nisa da shi ba.

Girman akwatin ma ba ado ba ne. Irin waɗannan kwamfutoci suna zuwa kala uku: babbar hasumiya, siririya, da ƴar ƙarama kamar littafi. Ƴar ƙaramar galibi ba ta da wurin sa katin hoto, don haka mai son wasa ya bar ta komai kyawunta. Siririyar tana karɓar gajeren kati ne kawai, wanda ya fi wuyar samu, kuma akwatin wutarta ƙarami ne. Babbar ita ce ta fi dacewa, ga fili, ga iska.

Katin hoto, inda kuɗi da yaudara suka haɗu

Katin hoto, ko kart girafik kamar yadda masu gyara ke cewa, shi ke ɗaukar nauyin wasa, kuma sau da yawa kuɗinsa na kai na kwamfutar kanta. Ga tsohuwar kwamfutar ofis, katunan da suka fi sauƙi su ne GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019. Wutar da suke ci ba ta wuce wat 75 ba, kuma yawancinsu daga ramin allon uwa suke shan ta, ba sa neman wata waya daban. A sa kawai a ɗaure. RX 570 da RX 580 na kamfanin AMD sun fi su ƙarfi, sukan kuma fi arha, amma na farko yana cin wat 150, na biyu wat 185, kuma sai an ja musu waya mai baki shida ko takwas daga akwatin wuta. Akwatin wutar kwamfutar ofis, wanda da wuya ya kai wat 300, ba shi da wannan waya. A canza shi? Dell da HP sun yi wa samfuransu da yawa nasu irin mahaɗin, wanda akwatin wutar kasuwa ba ya shiga sai da wata ƴar waya ta musamman. Wanda bai san haka ba zai sayi kati ya ajiye a gida yana kallo.

Arhar RX 580 tana da tarihi. Dubbansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet, har zuwa Satumban 2022 da tsarin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto, aka zubo su kasuwa. Ba duka suka lalace ba, amma fankarsu da man sanyayarsu sun gaji, don haka ba a sayen su ba tare da gwaji ba.

Sai jabu. Akwai katunan da aka rubuta musu GTX 1050 Ti alhali tsofaffin GTS 450 ne na 2010 da aka sauya wa suna a ciki, har Windows ma ta yarda da ƙaryar. Alama ɗaya da ido ke gani: kati na gaskiya na wannan zubi ba shi da shuɗin bakin nan na VGA. In aka gan shi a jiki, a ajiye. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, takan tona asirin irinsu. Akwai kuma yaudarar da ba jabu ba ce, wato tallata GT 710 ko GT 730 da cewa "giga huɗu ne". Yawan gigar kati ba shi ne ƙarfinsa ba. Babban buhu ne a bayan jakin da ba shi da ƙarfi.

Tunda katunan ba su da VGA, wanda allonsa tsoho ne zai nemi ƴar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA, ko ya haɗa da talabijin ɗin gida, wanda don wasan ƙwallo ya ma fi daɗi.

Abin da ake fara ƙarawa

Ba dole ne a yi komai rana ɗaya ba. Abu na farko shi ne SSD a maimakon tsohon faifai mai juyawa. Ba ya ƙara wa wasa gudu, amma kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta farka za ta tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma ya fi jure jijjiga da ɗaukewar wuta. Giga 256 ya ishi Windows da wasa ɗaya ko biyu. Tsohon faifan a bar shi a ciki don ajiya. Na biyu RAM: giga 8 ita ce ƙasa, 16 ita ce kwanciyar hankali, kuma sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 saurin aiki. A duba ko DDR3 ce ko DDR4, domin tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Kuɗin sabuwar RAM ya hau sosai a duniya tun ƙarshen 2025 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta, don haka kwamfutar da ta zo da giga 16 a cikinta ta cancanci ɗan ƙari a ciniki. Bayan waɗannan sai katin hoto. Canza furosesa shi ne na ƙarshe, kuma galibi bai cancanci kuɗinsa ba.

Wuta, zafi da ƙura

Masu ba da shawara a YouTube daga Faransa ba sa maganar wannan, alhali a nan shi ke kashe na'ura. Malbaza ce ta samu tashar wutar rana ta farko a Nijar, mai megawat 7, a Nuwamban 2018, amma ƙasar ta daɗe tana dogaro da Najeriya wajen mafi yawan lantarkinta, kamar yadda aka gani a Agustan 2023 da aka katse layin. Ɗaukewar wuta na ɓata fayil, dawowarta da ƙarfi kuma na ƙona akwatin wuta, wani lokaci har da allon uwa. Saboda haka kuɗin na'urar daidaita wuta, ko ondilar mai batir da ke ba mutum ƴan mintuna ya kashe kwamfuta lafiya, yana cikin kuɗin kwamfutar tun farko, ba abin da za a saya "in an samu hali" ba ne.

Wasu tsofaffin kwamfutocin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Nijar bolt 220 ce. In maɓallin yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi.

Masu sola su yi lissafi. Kwamfutar ofis mai GTX 1050 Ti tare da allonta tana cin tsakanin wat 150 da 200 lokacin wasa. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat 1200 na awa guda a takarda, amma rabi kawai ake sha in ana son batir na dalma ya daɗe, wato kamar awa uku na wasa. Da RX 580 lokacin zai ragu sosai. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai sola ya zaɓi ƙaramin kati.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yakan haura digiri 40, a hunturu kuma ƙura ke cika fanka. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa, kada a manna ta da bango, kada a lulluɓe ta da zane tana aiki. Duk wata biyu ko uku a buɗe a hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Man sanyaya da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kansa ya bushe a yawancin na gwanjo. Sabo ba shi da tsada, kuma yana sauke zafi a fili.

Intanet kuwa ita ce kuɗin da ba a gani. Sauke wasa mai giga 100 da kuɗin data na Airtel, Moov ko Zamani nauyi ne, shi ya sa ake kai faifai shago a kwafo. Zuwan Starlink Nijar a Maris na 2025 ya sauƙaƙa wa masu wuraren wifi wannan aiki. Amma wasannin da aka fasa makullinsu sukan zo da ƙwayoyin cuta, kuma kwamfutar da ake buga takardun mutane da ita ba wurin gwada su ba ne.

Shin ba gara PlayStation 4 ta gwanjo ba? Ga wanda ƙwallo kaɗai yake so, ko mai buɗe ɗakin wasa, sau da yawa gara ita: wutar da take ci kaɗan ce, ba ta kuma neman mai gyara kowane mako. Kwamfuta tana cin riba ne ga ɗalibin da zai tafi Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko mai sana'ar hoto da bidiyo, wanda zai ci moriyarta ta fuska biyu.

Ranar ciniki, mai saye ya je da wanda ya san na'ura, da makullin USB mai ɗauke da CPU-Z, GPU-Z da CrystalDiskInfo. Ta farko za ta nuna ainihin lambar furosesa da RAM, ta ƙarshe ta faɗi awoyin da faifai ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. A sa mai shago ya buɗe akwatin a gani da ido, a shiga BIOS a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirrin tsohon ofis ba, sannan a kunna wasa na rabin awa. In hoto ya fara ɗigo-ɗigo, ko zafin kati ya doshi digiri 90, ko na'urar ta mutu da kanta, ciniki ya ƙare. Kayan da suka biyo ta Najeriya sukan zo da fulogi mai ƙafa uku masu faɗi da allon rubutu na QWERTY, don haka wanda ya saba da AZERTY na lekwal ya nemi a canza masa tun a shago. A kuma rubuta lambar kowane kaya a rasit, tare da yawan kwanakin da mai shago ya yarda zai canza shi in ya ba da matsala.