Sunan Sierra Nevada: Ma'anarsa da Yadda Ake Amfani da Shi a Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da muke cin karo da su wajen shirya littattafan labarin ƙasa da Hausa, akwai ta sunayen wuraren da suka iso mana ta hanyar Ingilishi, alhali kuwa asalinsu ba Ingilishi ba ne. Mai fassarar da bai san tushen irin wannan suna ba yakan kwaso shi da duk ruɗanin da ya tattare shi, ɗalibai kuma su haddace shi haka nan. Za mu ɗauki sunan Sierra Nevada mu yi misali da shi.

2.0 Ma'anar Sunan

Sunan na Sifaniyanci ne, kuma kalmomi biyu ne. Ta farko, wato "sierra", ma'anarta ta asali ita ce zarto, daga kalmar Latin "serra". An ba jerin tsaunuka wannan suna ne saboda kawunansu sukan yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto idan aka hango su daga nesa. Ta biyu, wato "nevada", sifa ce da ke nufin abin da dusar ƙanƙara ta rufe. Da yake "sierra" tamata ce, sai sifar ta bi jinsinta, domin da namiji take siffantawa da "nevado" za a ce. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ke cewa "riga fara" da "wando fari".

Jerin tsaunuka fiye da ɗaya ne ke amsa wannan suna. Na asali yana Andalus, a kudancin ƙasar Sifen, kusa da birnin Granada. Ƙololuwarsa, Mulhacén, ta kai kimanin mita 3,480, kuma sunan Maulaya Hasan ta ci, ɗaya daga cikin sarakunan Musulmi na ƙarshe a birnin kafin faɗuwarsa a 1492. Na biyu yana jihar Kalifoniya ta Amurka, tsawonsa kimanin kilomita 640. Wani limamin Kirista ɗan Sifen, Pedro Font, shi ya sanya masa sunan a taswirar da ya zana a 1776. Akwai kuma wani a ƙasar Kolombiya.

3.0 Amfani da Sunan a Ingilishi

Ingilishi ya ari sunan ba tare da fassara shi ba, daga nan ne kuma abubuwa uku suka biyo baya. Na farko, tilo ne a Sifaniyanci, don haka rubutun da ya kiyaye ƙa'ida yakan ce "the Sierra Nevada" ko a taƙaice "the Sierra". To amma masu magana da yawa sukan ce "the Sierras", suna kwatanta shi da "the Alps" da "the Rockies" waɗanda jam'i ne. Har yanzu ana taƙaddama a kan wannan, musamman a tsakanin mazauna yankin.

Na biyu, akan ji "Sierra Nevada Mountains", wanda maimaici ne, tunda ma'anar tsaunuka tana cikin kalmar farko. Mu ma muna da irinsa a "hamadar Sahara", domin "sahara" a Larabci hamada take nufi.

Na uku, an yanke sifar ita kaɗai an mayar da ita sunan jiha. Nevada ta zama jiha a 1864, kuma ita ce ta fi kowace jiha ƙarancin ruwan sama a Amurka, duk da cewa sunanta dusar ƙanƙara yake nufi. Mafi yawan tsaunukan ma a Kalifoniya suke.

4.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Muna ganin ya kamata littattafan ɗalibai su rubuta "tsaunukan Siyera Nebada". Hausa ba ta da harafin "v", kuma su kansu Sifaniyawa kusa da "b" suke furta shi, saboda haka rubutunmu ya fi na Ingilishi kusa da furucin asali. Maimaicin da ke cikin "tsaunukan" ba aibi ba ne a nan, domin shi zai sanar da ɗalibi abin da ake magana a kai. Wajibi ne kuma a riƙa faɗin ƙasar da ake nufi, ko Sifen ko Amurka, kada ɗalibi ya kai tsaunin Andalus Kalifoniya a ranar jarrabawa.

Malami zai iya fara darasin da sunan da ɗalibai suka riga suka sani, wato Saliyo. Turawan Fotigal ne suka raɗa shi a ƙarni na 15 saboda tsaunukan da suka gani a gaɓar teku, kuma ma'anarsa tsaunukan zaki. Kalmar zarton nan ce a farkonsa, Hausa ta narkar da ita har ba a gane ta.